CV ɗin Ɗalibin Kimiyyar Wasanni: Nuna Aikinka, Ba Sonka Ba

'Yan'uwa ɗalibai, mu da muke zangon ƙarshe na difloma mun san abin da ke gabanmu: shekara ɗaya ta aikin sanin makama kafin a koma HND. Kuma duk inda ka je neman gurbi, CV za a fara tambayarka.

Bara, lokacin SIWES, na kai tawa wani ɗakin motsa jiki. Manajan ya duba, ya ga na rubuta "ina matuƙar son wasanni", sai ya ce, "Ƙanena, mai tallan gyaɗa a bakin fili ma yana son wasanni. Kai me ka iya?" Wallahi na rasa amsa. Gurbin ya wuce ni, amma darasin ya zauna.

Matsalarmu ita ce mutane da yawa na ɗauka kwas ɗinmu buga ƙwallo ne kawai. Aikin CV shi ne ta gyara wannan zato.

Fara da sunanka, lambar waya da imel mai mutunci, ba irin sunan da abokai ke kiranka da shi a fili ba. Sai layi biyu da ke faɗin abin da kake nema: horarwa ne, ko koyar da motsa jiki a makaranta, ko taimaka wa masu kula da raunin 'yan wasa? Zaɓi ɗaya gwargwadon wurin da za ka kai.

A ɓangaren karatu, sa difloma a sama, sakamakon WAEC ko NECO a ƙasa. Ambaci darussan da suka shafi aikin, kamar ilimin sassan jiki da abincin 'yan wasa, da taken firojet ɗinka.

Ƙashin bayan takardar dai shi ne gogewa. Wata huɗun SIWES aiki ne, kar ka raina shi. Maimakon "na taimaka wa koci", rubuta: "Na auna bugun zuciyar 'yan wasa 18 kafin atisaye da bayansa, na ajiye bayanan kowane mako." Ka ga bambanci? Idan ka wakilci makaranta a gasar NIPOGA, faɗi wasan da shekarar. Idan kana horar da yaran unguwa ko busa usur a gasar hutu, sa shi, da adadin yaran da tsawon lokacin.

Satifiket ma na da nauyi. Na taimakon gaggawa daga Red Cross yana nuna cewa idan ɗan wasa ya faɗi ba za ka tsaya kallo ba. In babu, nema tun yanzu.

Amma fa ban da ƙarya. Harkar wasanni ƙaramin gida ce, kociyoyi sun san juna, kiran waya ɗaya ya isa ya tona ka. Mutum biyun da za su tsaya maka, malami ɗaya da wanda ya kula da kai a SIWES, nemi izininsu tukuna.

Shafi ɗaya ya wadatar. Ba wani ya karanta maka, sannan ka mayar da ita PDF kafin ka tura.

Daren yau, ɗauko littafin SIWES ɗinka. Rabin CV ɗinka na ciki. Allah Ya ba mu sa'a.