Beethoven da Schubert: Da wane faifai za ka fara?

Wani mai karatu ya rubuto mini cewa ya shiga YouTube neman kiɗan Beethoven, sai ya tarar kowane simfoni an ɗauke shi sau ba adadi, ya rasa wanda zai kama. Ɗan'uwa, kama ɗaya ka zauna da shi mako guda. Ka kuma guji tarkacen nan da ake yanko minti uku-uku a haɗa da sunan kiɗan kwantar da hankali, don gutsuren ba zai nuna maka inda kiɗan ya taso da inda ya nufa ba.

Fara da Simfoni na 7. An fara kaɗa shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, a watan Disamba na 1813, a wani taro na tallafa wa sojojin da suka ji rauni a yaƙin Hanau. Da aka gama kashi na biyu, jama'a suka ce sai an maimaita. Saurari kashin nan da kyau. Bayan amo ɗaya na kayan busa, manyan goge masu kaurin murya ne ke kama shi can ƙasa-ƙasa, da taku ɗaya: dogo, gajere biyu, dogo, dogo. Duk zagaye sai wani rukunin goge ya hau kai, kamar ayari yana ƙaruwa a hanya, har ɗakin ya cika. Nemi ɗaukar jagora Carlos Kleiber da makaɗan Vienna Philharmonic, ta kamfanin Deutsche Grammophon. Wasu jagorori kan ja kashin har ya koma makoki; Kleiber bai bar ƙafar ta tsaya ba. Galibi ma ana haɗa shi a faifai ɗaya da Simfoni na 5 da ya ɗauka a 1974, ka ga garaɓasa ke nan.

Idan kunnenka ya saba, sai ka ɗauko ta John Eliot Gardiner da ta fito a 1994, wadda aka yi da kayan kiɗa irin na zamanin Beethoven, masu tsirkiyar hanji. Sautin ya fi siranta, ganguna sun fi fitowa. A nan za ka gane aikin jagora. Simfoni na 9 kuwa, na 1824, bar shi tukuna. Ya haura awa guda.

Ni dai zuciyata tana wajen Schubert. Yana cikin masu riƙe fitila a jana'izar Beethoven a 1827, shi ma ya rasu a Nuwamban 1828 yana da shekara 31. Watanni kaɗan kafin rasuwarsa ya rubuta kiɗan mutum biyar da ake nema da sunan String Quintet in C, bai kuwa taɓa jin an kaɗa shi a bainar jama'a ba, sai 1850 aka yi. Ya saka babban goge, wato celo, har biyu, shi ya sa ƙasan kiɗan ke da zurfi haka. A kashi na biyu, makaɗa uku suna jan amo a hankali kamar ba sa motsi, ɗaya yana tsinkar tsirkiya da yatsa, ɗaya yana ta 'yar tambaya daga sama. Ɗaukar Alban Berg Quartett tare da Heinrich Schiff ta fi tsabtar sauti, da ita za ka fara. Amma ta 1952 da Pablo Casals da Isaac Stern da abokansu suka yi a Prades ta Faransa, duk da tsufan sautinta, ita nake komawa gare ta.

Kada ka saurari ko ɗaya da lasifikar waya, tana cinye muryar celo gaba ɗaya. Sa abin kunne, ka sauke kiɗan tun da rana, ka jira dare in janareton maƙwabta ya yi shiru. Kuma kada ka ƙure ƙara don ka ji wuri ya yi sanyi, Beethoven kan ɓarke ba sallama.