Kafin a Kai Asibiti: Yadda Ake Rage Raɗaɗin Rauni a Daji

Mai wannan rubutu ma'aikacin jinya ne, kuma ya daɗe yana karɓar masu rauni da ake ɗaukowa daga lungunan da mota ba ta shiga. Sau da yawa sai a iso da mai karaya a kan babur, ƙafa na reto, an ɗura masa ƙwayoyi iri-iri daga kemis, amma yana ta ihu. An ba shi magani, ba a tallafe ƙashin ba.

Ƙashin da ya karye, duk motsin da ya yi sabon ciwo ne. Sanda biyu, zani a naɗe a tsakani don laushi, a ɗaure sama da ƙasan karayar: wannan kaɗai kan sa mutum ya lafa. Sai dai kada a matse. Idan yatsu suka yi sanyi ko suka yi duhu, a sassauta nan take, domin matsattsen ɗori ya sha jawo yanke ƙafa. Kafin wannan ma, a danne inda jini ke zuba, a lulluɓe majinyacin, don sanyi na hana jini daskarewa.

Sojoji sun sha wuya kafin su gane darasin magani. A yaƙin duniya na biyu, likitan Amurka Henry Beecher ya lura a Italiya cewa allurar mofin da aka yi a ƙarƙashin fata ba ta bin jikin wanda jininsa ya zuba kuma sanyi ya kama. Sai a ƙara masa wata. Da jiki ya ɗumama, duka su taso lokaci guda, numfashi ya raunana.

Shi ya sa a 2014 ƙa'idar sojojin Amurka ta kasa maganin kashi uku. Mai ƙaramin rauni yana shan farasitamol da meloksikam. Mai tsananin ciwo da numfashinsa ke daidai yana tsotsar fentanil. Wanda jininsa ya zuba sosai kuwa, ketamin ake ba shi, domin ba ya karya hawan jini kamar mofin. Fentanil da ketamin aikin ƙwararru ne kawai.

Ga mafarauci, makiyayi ko ɗan acaɓa, farasitamol shi ne abin ɗauka. A guji asfirin da ibufurofen ga mai zubar jini, don suna jinkirta daskarewarsa. A kuma rubuta sunan maganin da aka bayar da lokacinsa a takarda, a miƙa wa likita da zarar an isa.