Safar Hannu Mai Hana Ruwa: Darasi Ga Masu Hawan Babur Da Damina

Rangadi ba ya jiran ɗaukewar ruwa. Tun daga watan Yuni har zuwa Satumba, malaman hakimai da 'yan saƙo su kan yi tafiya mai nisa bisa babur, hadari kuwa ya kan riske su inda babu wurin fakewa. Da yawa su kan tanadi rigar ruwa da hular kwano, amma su mance da hannu, alhali kuwa malami da hannunsa ya ke ci.

Dalilin Sa Safa

A yawancin babura, hannun dama shi ke riƙe da totur da birkin gaba, na hagu kuwa shi ke matsa kuloci. Birkin gaba shi ke yin mafi yawan aikin tsayad da babur. Ruwa ya fi iska saurin janye ɗumin jiki kimanin sau 25, iskar gudu kuma ta kan ƙara sanyin. Kadan hannu ya jiƙe ya daɗe, sai yatsu su sandare, su yi nauyin kama birki a lokacin da akuya ko yaro ya gitta. Har wa yau, wanda ya faɗi, tafin hannunsa ne ke fara isa ƙasa. Saboda haka abu uku a ke nema ga safa: ta hana ruwa, ta bar yatsu su yi aiki, ta kāre fata ran faɗuwa.

Irin Safar Da Ke Kasuwa

Ta ulu ta kan sha ruwa ta riƙe shi, gwamma babu da ita. Ta roba, irin ta masu wanki, ta na hana ruwa, amma ta kan tsare gumi a ciki, ta yi santsi, ta kuma yage da zarar ta taɓa kwalta. Ta fata zalla ta na da ƙarƙo, musamman fatar akuya, wadda ke da taushi da ƙarfi. Fatar jar akuya ta Sakkwato ta daɗe da yin suna har ƙasashen Turai. Amma fata kaɗai ba ta jure mamako, gama ruwa ya kan bi ta hudojin ɗinki.

Wadda ta fi ita ce mai hawa uku: fata ko yadi mai ƙarfi daga waje, shafi mai taushi daga ciki, sa'an nan wani siririn mayafi a tsakani. A shekarar 1969 ne Robert Gore na Amurka ya gano abin da a ke yin irin mayafin nan mai suna Gore-Tex. Ƙofofinsa sun yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta, amma tururin gumi ya na iya fita ta cikinsu.

Yadda A Ke Zaɓe

1. A auna kewayen tafin hannu da tef ɗin tela, ban da babban yatsa. Yawan incin da aka samu, misali 8 ko 9, shi ne kusan lambar safar.

2. A sa ta, a kama hannun babur, a matsa birki da kuloci. Idan kan yatsu ya tokare, ta yi kaɗan, za ta tsare jini ta ƙara sanyi. Idan tafin ya tattare, ta yi yawa.

3. A ɗaure maɗaurin wuyan hannu, a ja ta da ɗaya hannun. Wadda ta zare ba za ta tsaya ba ran haɗari.

4. A duba ko an ninka fata a tafi, an kuma sa makari bisa gaɓoɓin yatsu. Safar da aka gwada bisa ƙa'idar Turai ta na ɗauke da hoton mai babur da lamba EN 13594. Daraja ta 2 ta fi ta 1 kariya, haruffan KP kuwa alama ce ta makarin gaɓoɓi.

5. Da ya ke akwai jabu, a shirya da mai kanti cewa za a gwada ta a gida. A sa ta, a tsoma hannu cikin bokitin ruwa zuwa wuyan hannu, a riƙa dunƙule shi har minti 5. Kadan danshi ya shiga, a mayar.

Amfani Da Adana

In ruwa ya tsuge, a cusa bakin safa ƙarƙashin hannun rigar ruwa, in ba haka ba ruwan da ke gangarowa daga kafaɗa zai zuba ciki. Wajen cirewa a kama kan yatsu a ja a hankali, domin kada shafin ya biyo jiƙaƙƙen hannu. A shanya ta a inuwa inda iska ke kaɗawa. Wuta da zafin rana su kan ƙeƙasad da fata har ta tsage.

Araha ba ta ado. Kuɗin safa ta ƙwarai bai kai na jinyar hannu ba, balle a ce littattafan gunduma su zauna wata guda babu mai rubutu. Ya kamata kowane hakimi ya duba kayan tafiyar malamansa tun kafin ruwan fari, ya kuma isad da wannan bayani ga dagatai da masu unguwa.