Hutu da Aiki a Bakin Bahar Maliya: Shawarwari ga Iyalin da ke Shirin Zuwa Yanbu

Yawancinmu in mun je Saudiyya, tafiyar ba ta wuce Makka da Madina, sai kasuwannin Jidda ranar dawowa. Alhali yamma da Madina, tafiyar da ba ta kai awa uku a mota ba, akwai Yanbu, garin bakin teku mai iska da ɗanyen kifi. Ɗan kasuwar da ke juya shagonsa na Kantin Kwari ta waya, ko malamin jami'a da ke duba rubutun ɗalibai a kwamfuta, zai iya kai iyalinsa can su yi mako guda bayan Umra, aikinsa bai tsaya ba. Sai dai abin yana son shiri.

1. Ku tafi da aikinku daga gida, kada ku je neman na can. Wannan ita ce babbar magana, kuma a kanta na fi jin tsoro. Wasu ƙasashe irin su Ostareliya suna da biza ta musamman da matashi zai je yawon buɗe ido yana ɗan aikin ƙwadago yana samun na kashewa. Saudiyya ba ta da wannan tsari. Bizar Umra tana ba mutum damar zagaya garuruwan ƙasar, amma ba ta halatta masa karɓar aikin albashi, haka ma bizar ziyara. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa kuma yana iya fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000, da ɗaurin wata shida, da kora. Kowa ya san gidan da aka sayar da gona aka bai wa ejan kuɗi, yaro ya tafi da sunan Umra, ya ƙare a takari yana ɓuya ba igama, ko rashin lafiya ya kama shi ba ya iya zuwa asibiti. Yanbu kuwa tana da jan hankali, domin gari ne na matatun mai da masana'antu, a nan bututun ɗanyen mai mai tsawon kusan kilomita 1,200 daga gabashin ƙasar yake ƙarewa. In ɗanku ya ga haka ya yi sha'awa, to ya dawo gida ya nemi kwantiragi a rubuce da bizar aiki, ya shiga ta ƙofa.

2. Ku zaɓi lokacin sanyi. Daga Disamba zuwa Fabrairu garin yana da daɗin zama. Da bazara kuwa zafinsa ba irin na Sakkwato ba ne mai bushewa, zafi ne mai laima, gumi ya jiƙa riga ya ƙi bushewa. Ai ba banza ba hukuma take hana aikin waje cikin zafin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Wanda ya dace da ƙarshen sanyi yana iya tarar da bikin furannin da ake yi a garin duk shekara.

3. Ku san wace Yanbu za ku sauka, domin uku ce. Akwai Yanbu al-Bahr, tsohon garin tashar jiragen ruwa, inda kasuwa da masu kamun kifi suke. Akwai Yanbu ta masana'antu a kudu, wadda hukumar masarauta da aka kafa a 1975 ta tsara, mai faffaɗan tituna da lambuna a bakin ruwa. Sai Yanbu al-Nakhl can ciki, ƙasar dabino da idanun ruwa, kuma sunan garin ma daga ɓuɓɓugar ruwa ya samo asali. Mai iyali ya nemi gidan haya mai kicin maimakon ɗaki biyu a otal. Kafin a biya, a gwada ƙarfin intanet ɗin a cikin ɗakin da za a yi aiki, sannan a tambaya ko an haɗa harajin kashi 15 cikin ɗari a farashin.

4. Ku ci ribar bambancin agogo. Yanbu tana gaban Kano da Maraɗi da awa biyu. Lokacin da ake buɗe ofis ƙarfe takwas a gida, can ƙarfe goma ta yi. Ke nan daga sallar Asuba har hantsi lokacin iyali ne, kuma shi ne lokacin da bakin teku ya fi daɗi. Ga wata dabara kuma: hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, saboda haka ranar Lahadi mutanen gari suna wurin aiki, ku kuma ofishinku a rufe yake. Ku ajiye babbar fita sai ranar. Maigida ya faɗa wa yara sa'o'in aikinsa tun daren farko, in ya rufe kwamfuta kuma ya rufe ta da gaske. Uwargida ma hutu ta zo. In aka bar ta da girki sau uku da rainon yara, kicin kawai ta sauya.

5. Layin waya na can ya fi arha. A sayi na STC, Mobily ko Zain da fasfo tun a Madina. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, amma mutanen Nijar su riƙo abin haɗawa.

6. Teku ba kududdufi ba ne. Yaron da ya saba iyo a rafin ƙauye zai ɗauka ya iya, alhali igiyar ruwa tana ja ta ƙasa, duwatsun murjani kuma suna yanka tafin ƙafa kamar reza. A sa wa yara takalmin roba, a yi wanka inda aka keɓe kawai, babba ɗaya ya zauna ba ya komai sai kallonsu. Masu ƙananan yara su fara da tsibirin Nawras, wanda ake shiga ta gada, ga ciyawa ga wurin zama a shimfiɗa tabarma. Mai son shiga kwalekwale zuwa cikin ruwa ya nemi mai lasisi, kowa kuma ya sa rigar hana nutsewa ko da matuƙin ya ce ba komai.

7. Da yamma ku shiga tsohon gari. Akwai Kasuwar Dare, inda ake sayar da busasshen kifi da dabino da kayan yaji, ga tsofaffin gidaje masu tagogin katako, har da wanda wani Bature mai suna Lawrence ya zauna a ciki lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ku ci sayadiyya, shinkafar da ake dafawa da romon kifi da soyayyar albasa. A tambayi kuɗin kilo kafin a gasa kifin.

8. Kada ku wuce Badar a guje. Tana kan hanyar Madina zuwa Yanbu, kuma a nan aka yi yaƙin 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira. Yaran da suka karanta labarin a Islamiyya su ga filin da idonsu, a yi wa shahidai addu'a.

9. Ku gyara lissafin sallah tun kafin a tashi. Tafiyar ta kai ta ƙasaru, amma a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku zai cika sallarsa da zarar ya isa. In kuma daga Yanbu za ku gangara Makka don wata Umrar, miƙatinku Juhfa ne kusa da Rabig, don haka haramin maza ya kasance a jakar hannu, kada a cusa shi a ƙasan akwati a bayan mota.