Kafin Ku Zauna a Gidan Abinci Mai Tsada: Shawarwari ga Magidantan Daura

A ƙasar Daura ba a saba kai baƙo waje ya ci abinci ba. Baƙonka naka ne: a gidanka za a tuƙa masa tuwo, a dama masa fura, maƙwabta ma su aiko da nasu kwanon. Har gobe babu karramawar da ta kai wannan. Sai dai garin ya canza. Shekara takwas na mulkin marigayi Muhammadu Buhari, daga 2015 zuwa 2023, sun jawo baƙi iri-iri. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri da asibitin sojojin sama, malamai da ɗalibai da ma'aikata suka shigo, kowa da buƙatar inda zai ci abinci. Ga kuma magidantan da kan ɗebi iyali bayan Hawan Magajiya ko lokacin Sallar Gani, a nufi Katsina, ko a bi ta Kazaure a shiga Kano, a zauna a irin gidajen abincin nan masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki.

Wannan fita abu ne mai kyau. Uwargidan da ta shekara a gaban murhu ta cancanci ranar da za a kawo mata abinci tana zaune. Abin da ke damuna shi ne yadda kunya ke cinye mana kuɗi a irin waɗannan wurare. Mutumin da zai tsaya a karar Mai'aduwa ranar Lahadi ya buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya taya, ya yi tafiyarsa a kira shi ya dawo, shi ne dai zai shiga gidan abinci a kawo masa miyar jiya, ya ci, ya biya, har ya yi godiya.

1. A tsai da abin da za a kashe tun daga gida. Maigida da uwargida su yi wannan magana kafin a shiga mota, ba a gaban yara da ma'aikaci yana tsaye da biro ba. Da an zauna a nemi takardar jerin abinci mai ɗauke da farashi. In aka ce babu, ko aka ce farashin da ke jiki ya canza, a tambayi kuɗin kowane abu kafin a ce a kawo. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 farashi bai zauna wuri ɗaya ba. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin 100, kuma gidajen abinci da yawa sun ƙara kuɗi ba su sake buga takardarsu ba. Tambayar farashi ba talauci ba ce. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashin kayansa.

2. A tambaya: "Wannan farashin har da haraji?" A nan ne mutane da yawa kan sha mamaki. Harajin VAT ya koma kashi 7.5 cikin 100 tun watan Fabrairun 2020. Ba a ɗora shi a kan gero da shinkafar da kuke aunowa a kasuwa, amma ana ɗora shi a kan dafaffen abincin otal da manyan gidajen abinci. Wasu wuraren kuma sukan ƙara abin da suke kira kuɗin hidima, sau da yawa kashi 10. Ku yi lissafi: in iyali suka ci na naira 40,000, haraji 3,000 ne, kuɗin hidima 4,000, sai takarda ta zo da 47,000. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Wato zama ɗaya ya ɗauke kashi biyu cikin uku na albashin wani. Wanda yake da hali ya ci lafiya, amma ya san abin da ya saya.

3. Ku gwada wurin da abincin da kuka sani. A wurina wannan ita ce shawarar da ta fi sauran. Ba za ku iya cewa komai a kan abinci mai sunan ƙasar Sin ko Italiya ba in ba ku taɓa cin na asali ba; duk yadda aka kawo shi haka za ku karɓa. Amma tuwon shinkafa da miyar taushe babu mai yi wa 'yar Daura wayo a kansu. A sa a kawo faranti ɗaya, uwargida ta fara ɗanɗanawa. Tuwon ya tuƙu, ko da gudaji a ciki? Ya yi ɓawo a sama, alamar ya daɗe a kwashe? Miyar tana da kabewa da gyaɗa yadda ya kamata, ko an cika ruwa an ɗaure ta da gari? Ƙamshin daddawa ake ji ko zaƙin dunƙulen magi ne ya rufe komai? In miyar kuka ce, ta kaɗu ko ta tsinke? Man shanun da aka yaryaɗa soyayye ne mai ƙamshi ko ya fara ɗaci? Wainar daga tanda take, gefenta na ƙaras-ƙaras, ko ɗumame ce da ta yi tauri kamar ba ta san yis ba?

Kukun da ya kula da waɗannan zai kula da sauran. Wanda ya raina tuwo don yana ganin abincin gida ne, ina shakkar ya girmama wani abu a kicin ɗinsa. In wurin ya ci wannan jarrabawa, to sai a kashe sauran kuɗin a kan abin da ke da wuyar yi a gida: gasasshen kifi, zabon da aka gasa a hankali, ƙafar rago ta tanda, ko wani sabon abu da yara za su gani su koya. Babu riba a biya kuɗi ninki biyar a kan shinkafa da miyar da ake dafa wadda ta fi ta a gidanku kullum.

4. Abinci ya zo da zafinsa, yana tururi. Ɗumi-ɗumi shi ne hatsari. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a firji ba. A yankinmu, inda zafin bazara kan haura digiri 40 kuma wuta kan ɗauke ta daɗe, abin ya fi sauri. Man janareta ya yi tsada, kuma ba kowane mai gidan abinci ne ke barin firji a kunne tsakar dare ba.

Soyayyiyar shinkafa na cikin abincin da ke saurin cutar da mutane, domin akwai ƙwayar cutar da ke fitar da guba a cikin shinkafar da ta huce ta daɗe, kuma ɗumamawa ba ya kashe gubar. Bayanta sai haɗin kabeji da bama, da duk abin da aka sa wa ƙwai ko madara. In kun ga an jera abinci a manyan tirori na ƙarfe, ku duba ko akwai wuta a ƙarƙashinsu. Lokacin zuwa ma yana da tasiri: bayan azahar, sa'ad da aka sauke tukwane, ya fi ƙarfe goman dare. Wurin da ke da jama'a abincinsa ba ya kwana. Wurin da kuka tarar shiru da tsakar rana, ga jerin abinci shafi shida, ku tambayi kanku yaushe aka dafa duk wannan.

5. A yi tambaya a kan nama da kifi. Wa ya yanka, daga ina? A Daura da Katsina da Kano mahauta sanannu ne, kuma gidan abincin kirki ba ya jin nauyin faɗin inda yake saye. Kaza ce ta fi buƙatar tambaya. Gwamnati ta daɗe da haramta shigo da daskararrun kaji daga waje, duk da haka ana fasa-ƙwaurinsu, kuma babu mai iya gaya muku yadda aka yanka su ko sau nawa suka narke suka sake daskarewa a hanya. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan masu jefa farasitamol a tukunya don ganda da ƙafar sa su yi saurin laushi, abin da ke illata hanta da ƙoda. Naman da ya ruguje amma romonsa salam, ko yake da ɗan ɗaci-ɗaci, a ajiye cokali.

Kifi kuwa, tarwaɗa da karfasa na kusa da mu, daga madatsun ruwa irin su Daberam da Sabke ko daga masu kiwo. Kifin teku da jatan lande sai sun yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga Legas kafin su iso. Sun fi tsada, sun fi saurin lalacewa. In da girma ake sayar da kifin, a ce a kawo shi ɗanye a gani kafin a gasa: ido garau, jiki da tauri. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

6. A aiki babban yaro ya leƙa banɗaki da wurin wanke hannu. In babu ruwa da sabulu inda baƙi ke gani, kada a sa ran akwai su a kicin. A tambayi wurin salla ma tun da wuri.

7. Ribar gidan abinci mai tsada tana cikin abin sha. Ruwan gora da lemon kwalba sukan ninka kuɗinsu na shago, kuma su ne ake kawowa ba a tambaya ba. A ce a kawo babbar gora ɗaya a raba, a buɗe ta a gabanku. Ƙanƙarar da ake jefawa a kofi ba ku san ruwan da aka yi ta da shi ba, kuma ta gurɓataccen ruwa taifot da kwalara ke yaɗuwa. Gara a kawo abin da ya yi sanyi a firji. Zoɓo da lamurje da kunun aya sun fi dacewa da abincinmu, sai dai kunun aya ba ya jure zafi. In ya fara tsami ko kumfa, a mayar.

8. A yi wa ma'aikata magana da mutunci, kuma a faɗi gaskiya. Da yawansu 'ya'yanmu ne, wasu ɗalibai masu neman kuɗin makaranta, sun yini a tsaye. Tafa musu hannu ko kiran su "kai!" ba ya ƙara wa kowa girma. "Ɗan'uwa", "Malam", "'yata" sun isa. In an gama faɗin abin da ake so, a ce ma'aikacin ya maimaita, a kuma tambayi minti nawa za a jira.

Idan abu ya zo ba daidai ba, a faɗa a loma ta farko, ba bayan an share faranti ba. Ba sai an ɗaga murya ba: "Ɗan'uwa, shinkafar nan ta huce, don Allah a canza mana." Amsar da za ta biyo baya ita ke nuna darajar wurin. A wurin kirki za ku ji, "Yi haƙuri Alhaji, yanzu za a kawo wata." In aka tsaya musu, a nemi manaja, domin yaron ba shi ya dafa ba, kuma sau da yawa ba shi da ikon canzawa. Mun tashi da tarbiyyar kada a kushe abincin da aka ba ka, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma a kan abincin kyauta aka yi ta. Wanda kuka biya ciniki ne, kuma shirunku na nufin iyalin da za su zo bayanku su ma a kawo musu irinsa. In hidima ta yi kyau, a miƙa wa yaron tukuici a hannunsa, ko da an rubuta kuɗin hidima a takarda. Ba kullum wannan kuɗin ke isa gare shi ba.

9. A tuna da tsofaffi da ƙananan yara. Abincin sayarwa gishirinsa da maginsa da mansa sun fi na gida, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba bai kai giram 5 na gishiri a yini ba, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. In da Baba ko Hajiya mai hawan jini ko ciwon suga, a faɗa tun farko, a zaɓa musu gashi ko farfesu a madadin suya. Yara biyu faranti ɗaya ya ishe su. In matan gidan ba sa sakewa a cikin jama'a, a nemi ɓangaren iyali kafin a zauna.

10. Kada a cika tebur don a gani. A fara da kaɗan, in ba a ƙoshi ba a ƙara. Abin da ya rage naku ne, ku ce a zuba muku a roba. Barin sa a zubar almubazzaranci ne a garin da almajirai ke tsaye a bakin ƙofa. Amma a lissafa hanya. Daga Katsina zuwa Daura kimanin kilomita 80 ne, daga Kano kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, ga abincin ya riga ya yi awa guda a kan tebur. Gasasshen nama zai iya isa gida a ɗumama shi sosai. Shinkafa da haɗin bama gara a bayar da su nan take, tun suna da kyau.

11. A karanta takardar kuɗi layi-layi kafin a biya. Ruwa nawa aka rubuta, nawa aka sha? Abin da aka mayar an cire shi? In da kati za a biya, a duba adadin da aka danna a na'urar POS kafin a sa lambar sirri. In na'ura ta ce bai tafi ba alhali an ciri kuɗin, a karɓi 'yar takardar da ta fitar kafin a sake biya, da ita za a je banki. In tiransifa ce, a tabbata sunan asusun na gidan abincin ne. A riƙe ɗan tsabar kuɗi saboda ranar da sabis zai ɗauke.

Rasit ɗin a adana shi kwana biyu ko uku. In wani a gidan ya kama amai da gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da suga, a kai shi asibiti, a gaya wa likita abin da aka ci da lokacin. Bayan nan a sanar da manajan wurin. In mutum fiye da ɗaya ne suka kwanta, a kai maganar ga duba-gari na ƙaramar hukumar da gidan abincin yake, domin su ke da ikon shiga kicin su duba firji da ruwa da lafiyar masu girki.