Manhajar kyamarata ta ƙi goge tsofaffin bidiyo

Tambaya: Ina da kyamarorin tsaro a shagona, ina amfani da manhajar ZoneMinder a kan Ubuntu, bidiyon kuma yana sauka a akwatin ajiya na Synology. Na saita ta ta riƙa goge tsofaffi idan wuri ya kusa cika, amma kullum sai ta ce ta kasa, ga shi akwatin ya cika. Ina mafita?
Mai shagon kayan waya, Kano

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka, kyamarorinka lafiyarsu ƙalau. Yawanci rigimar ta izini ce. ZoneMinder ba da sunanka take aiki ba. A Ubuntu tana aiki ne da sunan www-data, mai lamba 33. Idan ta NFS ka haɗa akwatin, shi ba ruwansa da suna, lamba yake dubawa. Kuma goge fayil yana buƙatar izinin rubutu a kan foldar da fayil ɗin yake ciki. To da yawa mutane kan kwafo tsofaffin bidiyo daga wani faifan da hannunsu, sai foldojin su zama mallakar wata lambar. Sababbi na ta shiga, tsofaffi kuwa sun gagari gogewa.

Ka gwada goge fayil ɗaya tsoho da umarnin sudo -u www-data rm. In ka ga Permission denied, to nan gizo ke saƙa. Sai ka mayar da mallakar foldojin ga lamba 33. Idan Ubuntu ta hana ka, kada ka yi mamaki: NFS kan rage wa root ƙarfi, ya mayar da shi baƙo. Ka shiga saitin NFS na Synology ka duba wurin da aka rubuta Squash, ko ka yi gyaran daga kan akwatin.

Fayilolin da sunansu ya fara da .nfs kuwa, wani ne ya buɗe bidiyon yana kallo lokacin gogewa. Da an rufe za su ɓace.

Idan ta SMB ka haɗa, leƙa foldar #recycle. Sau da yawa an goge ɗin, amma bidiyon na can jibge yana cin wuri. Kashe kwandon sharar wannan foldar.

Sai batun wuta. Idan ta ɗauke ta dawo, kwamfuta kan riga akwatin tashi, manhajar ta nemi fayilolin ta rasa, wani lokacin ma ta koma rubutu a faifan kwamfutar har ya cika. Ka saita ZoneMinder ta jira haɗuwar akwatin kafin ta tashi, kuma ka ɗora su biyun a kan UPS.

Roƙona ɗaya, kada haushi ya sa ka share foldojin da hannu. Manhajar na da rumbun bayanan da take lissafin kowane bidiyo, za ka bar ta tana neman abin da babu. Gyara izinin, ka bar ta ta yi gogewar da kanta.