Toshewar Hanji a Jikin 'Ya'yan Ƙadangarun Kiwo

A ƙasashen Turai da Amurka, mutane da yawa suna kiwon ƙadangaru a gidajensu don sha'awa, kamar yadda ake kiwon aku ko tattabaru. Daga cikin waɗanda suka fi shahara akwai ƙadangare mai gemu, wanda masana ke kira Pogona vitticeps. Asalinsa daga busassun yankunan tsakiyar Ostareliya yake. Babbansa yakan kai tsawon santimita 50 zuwa 60 har da wutsiya, amma wanda aka ƙyanƙyashe yanzu bai cika wuce santimita 10 ba. Wata matsala da takan hallaka waɗannan ƙanana ita ce toshewar hanji, wato abinci ko rairayi ya cunkushe a cikin hanji ya kasa wucewa.

Ɗumi da Narkewar Abinci

Ƙadangare ba ya samar da ɗumin jikinsa daga ciki kamar ɗan Adam ko akuya. Daga rana yake samunsa. Shi ya sa ake ganin jan gwada kwance bisa katanga da hantsi yana shan rana. Sinadaran da ke narkar da abinci, da kuma motsin da hanji ke yi don tura shi gaba, duk ba su aiki sosai sai jiki ya ɗumama. Saboda haka masu kiwo sukan sanya fitila a gefe guda na keji domin zafin wurin ya kai kimanin digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, su bar ɗaya gefen a wajen digiri 25. Idan keji ya yi sanyi, abinci yakan daɗe a cikin hanji, ruwansa ya tsotse, ya bushe ya taurare. Ƙarancin ruwan sha yana ƙara tsananta haka.

Girman Abinci

Yayin da yake ƙarami, yawancin abincin wannan ƙadangare ƙwari ne, kamar gyare da ƙananan fara, tare da ɗan ganye. Idan ya girma sai ganye ya rinjaya. To, ƙaramin yana da haɗama, kuma ba ya tauna abinci sosai. Jikin ƙwari kuwa yana lulluɓe da ɓawo mai tauri da aka yi da sinadarin kaitin, wanda ke da wuyar narkewa. Don haka masu kiwo suke bin wata ƙa'ida mai sauƙi: kada a ba shi ƙwaron da girmansa ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunsa biyu.

Rairayi da Kalsiyam

Idan aka shimfiɗa rairayi a ƙasan keji, ƙadangare yakan haɗiye shi tare da ƙwaro. Amma rairayin ba shi kaɗai ne mai laifi ba. Jikin ƙwari yana da ƙarancin kalsiyam, alhali ana so kalsiyam ya ninka fosforas sau 2 a cikin abincin. Haka kuma jiki ba ya iya jan kalsiyam daga hanji sai da bitamin D3, wanda fata ke samarwa idan wani sashe na hasken rana mai suna UVB ya taɓa ta. Wannan haske ba ya ratsa gilashin taga. In kalsiyam ya yi ƙaranci, ƙasusuwa su yi laushi, tsokar hanji ta raunana, ta kasa tura abin da ke ciki.

Alamomi da Magani

Lafiyayyen ƙarami yakan yi kashi kusan kullum. Idan ya yi kwanaki bai yi ba, ya ƙi cin abinci, cikinsa ya kumbura, to akwai matsala. Wani lokaci yakan riƙa jan ƙafafunsa na baya, domin dunƙulen ya danne jijiyoyin da ke zuwa gare su. Idan abin bai yi nisa ba, gyara zafin keji da tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi marar zurfi na 'yan mintoci sukan taimaka. Amma jan ƙafa alama ce ta a gaggauta zuwa wurin likitan dabbobi, wanda zai ɗauki hoton ciki, ya ƙara masa ruwa, ko ma ya yi tiyata.

Rigakafi dai ya fi magani: a shimfiɗa takarda a madadin rairayi, a barbaɗa garin kalsiyam bisa ƙwari, a tanadi fitilar UVB da ruwa mai tsabta. Mai kiwo kuma ya wanke hannu da sabulu bayan taɓa dabbar, domin ƙadangaru sukan ɗauki ƙwayar cutar Salmonela.

Tambayoyi

1. Me ya sa sanyi ke hana ƙadangare narkar da abinci?
2. Wace dangantaka ce ke tsakanin hasken rana da motsin hanji?
3. A lura da jan gwada a harabar makaranta har tsawon mako guda, a rubuta lokutan da yake shan rana da lokutan da yake farauta.